Ranar Da Na Ce Innata Ta Gama Haihuwa

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina juya wannan wasiƙa a raina kafin na zauna rubuta ta. Tun farko ina so in ce ban tabbata duk abin da zan faɗa ya zo daidai da yadda ya faru ba. An yi shekara uku da wani abu, kuma a watannin da abin ya yi tsanani ban cika cikin natsuwata ba, don haka mai yiwuwa na haɗe ranaku biyu na mai da su ɗaya, ko na sa magana a bakin wanda ba shi ya faɗe ta ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Nawa kason na laifin dai, shi kam ban manta da komai a cikinsa ba.

A lokacin shekaruna ashirin da shida. Na gama digiri a fannin koyar da ilimin halittu, na yi bautar ƙasa, na dawo gidanmu a Jibiya ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta kafin Allah ya kawo aikin gwamnati. Ni ce ta farko da ta shiga jami'a a danginmu, saboda haka duk wanda aka rubuta wa magani sai ya kawo mini takardar in karanta masa, duk wadda ɗanta ya yi ƙuraje sai ta ɗago masa riga ta nuna mini, ko da yake na sha faɗa musu cewa ni ba likita ba ce. Ni kuwa mutum ce mai tsoron kuskure. Ba na iya ba da amsa ba tare da na saka "galibi" ko "ya danganta" ba, har ƙannena suka laƙaba mini Malama Wataƙila.

Ni ce 'yar fari a wurin Innata. Ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, in tana nemana sai ta ce wa ƙanwata ta kira mata waccan. Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba, domin da tandar wainarta na yi karatu. Tana da rumfa a Magama, daidai inda manyan motoci ke jerin gwano suna jiran a ba su hannu su tsallaka Maraɗi, kuma direbobi da yawa ba sa karyawa sai da wainarta da miyar taushe. Haihuwarta bakwai, mu biyar muka rayu. A haihuwar autanmu, ina makarantar kwana a lokacin, jijjiga ta kama ta, ta yi kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Na ji manya suna cewa likita ya gaya wa Baba wani cikin zai iya tafiya da ita. Iyakar abin da na sani ke nan. Matakin da suka ɗauka bayan haka ban sani ba, kuma ba abin da 'yar fari za ta tambaya ba ne.

Inna tana da aminiya, 'yar Maraɗi ce da aure ya kawo ta Jibiya, muna kiran ta Tanti. Fataucin atamfa da turare take yi tsakanin nan da can, mace mai murya da barkwanci, wadda ko jami'an kan iyaka sai ta sa su dariya kafin su buɗe mata kaya. Duk abin da Inna ba za ta iya faɗa mini ba, ta bakin Tanti yake zuwa. Wata rana bayan la'asar, ina jin Juma'a ce, ina zaune a gindin bedi, wato darbejiyar tsakar gidanmu, ina duba takardun jarrabawar ɗalibai, sai Tanti ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta fara da zolaya, wai tunda na ƙare lakwal, wato makarantar nan da ake yanka kwaɗi a leƙa cikinsu, yau za ta ga amfanin karatun. Sannan ta rage murya ta ce wata mata ce, maƙwabciyarsu can Maraɗi, shekarunta arba'in da shida, yau wata goma sha huɗu ba ta ga al'ada ba, wani lokaci kuma zafi yakan taso mata daga ƙirji har fuska. Shin wannan mata ta gama haihuwa, ko da sauranta?

A daidai lokacin Inna tana madafa tana wanke shinkafar waina, kuma ina jin ƙarar ruwan tun ɗazu. Da Tanti ta yi tambayar sai ƙarar ta tsaya. Wannan shi ne abin da na fi jin nauyin rubutawa: na gane ko wace ce matar. Tanti ba ta da wata maƙwabciya da ta san shekarunta da watanninta daki-daki haka.

Na ba ta amsar littafi. Na ce galibi idan mace mai irin waɗannan shekaru ta cika shekara guda cur ba ta ga jini ba, ana ɗauka al'adarta ta yanke, ƙwan haihuwa ya daina fita, amma ya danganta, kuma zai fi kyau ta je asibiti. Akwai tambaya a kan harshena. Na so in ce, matar tana shan wani magani? An sa mata wani abin tazarar haihuwa? Na san irin waɗannan abubuwa suna iya ɗauke jini, mun karanta, har na amsa tambaya a kai a jarrabawa. Amma yin wannan tambayar yana nufin in yi maganar ɗakin Innata da Babana, ita kuma tana tsaye bayan katanga tana ji. Sai na haɗiye. Tanti ta buga cinyata ta ce, "Ke ɗiyata, aje wataƙilar nan taki gefe. Ta gama ko ba ta gama ba?" Na dubi takardun da ke kan cinyata na ce, "In dai shekara ta cika, ta gama." Ƙarar wanke shinkafa ta ci gaba, Tanti ta koma zancen tsadar atamfa, ni kuma na ji daɗi a raina cewa na fita daga maganar ba tare da na kunyata kowa ba.

Wata biyar ko shida bayan nan Inna ta fara canzawa. Ƙamshin man gyaɗa a tanda, wanda ta yi shekara ashirin tana shaƙa, ya koma tayar mata da zuciya, har ta riƙa barin tuyar ga matar da ke rumfar kusa da tata, ita ta zauna a benci tana zuba miya. Zaninta ya daina zagaye ta yadda ya saba. Matan rumfuna suka ce ƙari ne ya fito mata a mahaifa, wai haka yake yi wa mata in jini ya tsaya ya rasa hanyar fita. Ba zan ɓoye ba, sau ɗaya tunanin ciki ya gifta mini, amma na kore shi da sauri, tunda ni da bakina na yanke hukunci. Na ce wa ƙanwata ta ce wa Inna ta je asibiti, Inna ta aiko da cewa in an ce ƙari ne yanka ta za a yi, ita kuma ba ta shirya ba. Sai Tanti ta zo da wasu saiwoyi daga Maraɗi, ta ce mai maganin ya rantse mata suna narkar da ƙari, suna wanke mahaifa tas. Aka jiƙa su a tukunya, aka ce sai sun kwana uku kafin a fara sha.

A rana ta ukun ne aka ce masu neman aikin koyarwa su kai takardunsu, ni kuma na rasa takardar haihuwata. Inna tana ajiye duk takardun gidan a wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gadonta. Ta riga ta tafi rumfa, don haka na shiga na jawo kwallar. A ƙarƙashin katunan rigakafin ƙannena na ga wani kati mai sunanta, na sashen tazarar haihuwa. Ashe tun bayan haihuwar auta aka sa mata abin nan da ake sakawa a ƙarƙashin fatar dantse, wanda mata ke kira ashana, kuma duk lokacin da wa'adinsa ya cika takan je a canza. Layin ƙarshe ya nuna an cire, ba a mayar da wani ba. A gefe ma'aikaciyar ta rubuta cewa an ba ta shawarar a sa sabo, ta ce ba ta buƙata, al'adarta ta yanke. Na dubi kwanan watan, na tuna makon da muka yi jarrabawa a makaranta. Kwana goma ne, ko sha ɗaya, bayan zamana da Tanti a gindin bedi.

Ban san tsawon lokacin da na yi zaune a ƙasa da katin a hannuna ba. Abin da ya fara zo mini shi ne in nemi Tanti ta faɗa mata, kamar yadda aka saba. Na kira, waya ba ta shiga, ashe ta tsallaka Maraɗi tun da safe. Na leƙa madafa na ga tukunyar jiƙon an tace ta, sai saiwoyin kawai. Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba, na fita na tari kabu-kabu zuwa Magama.

Na tarar da rumfar cike, motocin hatsi sun yi layi har ba a ganin ƙarshensu. Wani direba da ya san ni ya ce yau Malama ce da kanta za ta zuba musu, lallai wainar za ta zo da Turanci. Ban iya ko murmushi ba. Inna tana kan benci, ƙafafunta sun kumbura har sun rufe igiyar silifas, gorar jiƙon tana gefenta, an riga an sha kamar kofi guda. Na zagaya ta bayan rumfar na durƙusa kusa da ita. Tun da nake, ban taɓa yi mata magana irin wannan ba. Na ce, "Inna, don Allah kada ki ƙara shan wannan. Na ga katin da ke cikin kwalla. Ina jin ciki ne da ke." Ba ta dube ni ba. Tana kallon titi ta ce, kamar da motocin take magana, "Ba ke kika ce an gama ba?" Babu faɗa a muryarta, tambaya ce kawai. Na ce ni na faɗa, kuma ban faɗi daidai ba. Ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi, ta ce wa maƙwabciyar rumfarta ta kula mata da wuta.

A asibitin garinmu gwajin fitsari bai ɗauki lokaci ba, ya nuna ciki ne. Da aka zo awon jini kuwa, ma'aikaciyar ta auna, ta cire abin ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun, ta sake aunawa, sannan ta daina wasan da take yi da Inna. Ta ce jinin ya hau sosai, a wuce Katsina a ranar. Na kira Baba a kasuwar hatsi inda yake dillanci. Ya zo da ƙaiƙayi a jikin rigarsa, aka yi masa bayani, ya yi salati, bai tambayi yadda aka yi ba, abin da kawai ya tambaya shi ne ko za ta tashi. Ma'aikaciyar ta ce an zo a kan lokaci, sauran na Allah ne. A Katsina hoto ya nuna ciki wata biyar da 'yan kwanaki, yana motsi, babu wani ƙari.

Likitar da ta duba ta mace ce, kuma ta zaunar da mu ta yi bayani a tsanake. Zan faɗe shi yadda na fahimta. Ta ce ƙidayar shekara guda ba jini tana aiki ne ga macen da ba ta amfani da komai da ke taɓa al'ada. Wadda take da ashana a hannu, ko take karɓar allura, rashin jininta ba ya nuna ko ta gama ko ba ta gama ba, domin abin da kansa yana iya ɗauke jinin. Ta ce a shekarun da al'ada ke shirin yankewa ƙwai ba ya tsayawa rana ɗaya, yakan yi wata da watanni bai fita ba, sannan ya fita ba zato, kuma zafin da ke taso wa mace alama ce ta an kusa, ba ta an gama ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ta ce ƙwai yana riga jini zuwa da kamar mako biyu. Wato Inna tana zaune tana cewa in da saura ai za ta ga jini ya dawo, alhali cikin ya shiga kafin jinin ya sami damar zuwa. Ta ce ɗaukar ciki a waɗannan shekaru ba ya yawa, amma yana faruwa, kuma haɗarinsa ya fi na ƙuruciya, balle ga mai tarihin jijjiga. Daga nan ta tambayi wanda ya ce wa Inna ta gama. Na ce ni ce. Likitar ta dube ni, ba da tsawa ba, ta ce abin da na karanta daidai ne, amma ba a ba da irin wannan amsa sai an tambayi matar abin da ke jikinta.

Da Tanti ta dawo ta ji, ta zauna a tsakar gida ta yi kuka sosai, ta ɗauki saiwoyin ta watsa a bola. Ba a jima ba kuma ta share hawaye ta leƙa ɗaki tana ce wa Inna tsohuwa mai ƙarfin hali, wai jikokinta za su yi wa kawunsu ko innarsu goyo. Ita ce daga baya ta gaya mini cewa Inna ta ji motsi tun kafin a kawo jiƙon, kuma mai haihuwa bakwai ba za ta kasa gane motsin ɗa ba, amma mata sun ce ƙari ma yana motsi, sannan ga mai digiri ta ce an gama, sai ta ƙaryata jikinta ta gaskata ni. Na yi kwanaki wannan magana tana hana ni cin abinci.

Watanni ukun da suka biyo baya ba na son tuna su. Aka rufe rumfa. Duk mako muna hanyar Katsina awo. Na samo na'urar awon jini ina auna ta safe da yamma ina rubutawa, ita kuma ta miƙo hannu tana kallon bango. Kunya ta hana ta fita ko ƙofar gida, domin ƙanwata da ke aure tana goyo a lokacin, ga shi direbobi sun sa Baba a gaba da zolaya, duk inda ya bi ana ce masa angon ƙarni. Shi yakan yi dariya a waje, ya dawo gida ya zauna shi kaɗai a zaure. Ni kuwa duk lokacin da lambobin na'urar suka ɗan hau sai in shiga tunanin in wani abu ya same ta, da wane ido zan dubi ƙannena huɗu.

Cikin yana wata takwas, wata safiya ta ce wa Tanti kanta yana sarawa, tana ganin wasu taurari-taurari. An riga an gaya mana waɗannan alamu, don haka ba mu tsaya shawara ba. Kafin azahar an shiga da ita tiyata. Na zauna a baranda ni da Baba da Tanti, wadda a ranar ko kalma ɗaya ta wasa ba ta yi ba. Da ma'aikaciya ta fito ta ce an ciro mace, 'yar ƙarama ce amma tana kuka, uwar kuma jininta ya fara sauka, Baba ya yi sujada a nan kan siminti. Jaririyar ta yi mako biyu a kwalba, Inna ta yi kwana tara a gado, kuma da yardarta da ta Baba aka ɗaure mahaifar a lokacin aikin. Likitar ta ce kofi ɗaya na jiƙon da ta sha bai nuna ya yi wata illa ba, amma ba ta san abin da zai faru ba da an shanye gorar. Yanzu yarinyar tana da shekara uku, lafiyarta ƙalau, ta fi kowa surutu a gidan. Inna ta koma rumfarta, tana shan maganin hawan jini kullum, kuma ranar asibiti takan aiko a ce mini in shirya.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada, ko in ce Innata ce ta kusa biya. Ga iyayenmu mata da suka haura arba'in, ina roƙo, ɗaukewar jini na wasu watanni ba shaida ba ce cewa haihuwa ta ƙare, musamman ga mai amfani da abin tazara. Kada a cire, kada a daina, sai an zauna da ma'aikaciyar lafiya an gaya mata komai. Ciki in ya fara girma kuma, a gwada kafin a kira shi ƙari, kafin a sha abin da aka ce yana wanke mahaifa. Ga 'yan'uwana da suka yi karatu ake kawo musu tambaya a gida, ku ji tsoron tambayar da ta fara da "wata mata ce". Sau da yawa matar tana kusa, tana saurare, kuma da amsarku za ta yi aiki. Ba na cewa a zubar da kunya, ni ma har yau ina jin nauyin Innata kuma ina son hakan. Amma in kunya ta hana ka yin tambayar da amsarka ta dogara a kanta, to ka ce ba ka sani ba, ka raka mutum wurin wanda zai iya tambaya.

A ƙarshe, na san akwai waɗanda suka ga wannan al'amari da idonsu, kuma za su gane mu ko ba suna: matan rumfunan Magama, ma'aikaciyar da ta auna jinin sau biyu, da ita Tanti, wadda har yau take cewa ranar Alhamis ce ba Juma'a ba, kuma wai ta ɗan taɓa dantsenta lokacin da take tambayata don in gane. Ban tuna haka ba, amma ba zan rantse ba. Duk wanda ya ga na kauce a wani wuri, ya rubuto wa mujallar nan a gyara. Na fi roƙon likitoci da ungozomomi su duba bayanin da na ce likita ta yi mana, in na juya wani abu su faɗa a fili, domin ba na so wata uwa ta sake zuwa a cire mata abin da ke hannunta saboda maganar da ta fito daga bakina.